Kafin Gwangwani Ya Nutse

Tiga, ranar Lahadi

Zuwa ga uwargijiyata ta dole, Malama Raihana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Ghali, da ƙanwarki Zubaida sarkin musu. Yaya jikin Kawu Abdullahi? A wasiƙarki ta baya kin ce da sauƙi, na ji daɗi ƙwarai, Allah ya ƙara afuwa. Inna Turai tana gaishe ku, ta ce a tuna wa yayanta cewa ko da yake ɗakin kakanni suka haɗa ba ciki ɗaya ba, ba ta yafe masarar bana ba. Mu nan lafiya lau, dam ya fara cika, aiki ya yi mana yawa a wajen injinan tura ruwa.

To, ki gyara zama. Ƙunshin da Ɗanjuma direba zai miƙa miki sabon bugun Ayari ne, bugu na biyu, kuma ina gaya miki tun yanzu, na farkon nan da kuke ta yabo wasan yara ne a kansa. Ga abin da na sa a shafin farko saboda baƙi, ki duba min Hausar tunda ke ce malamar makaranta: "Ayari wasa ne da ake yi a zaune a kan tabarma. Mutum ɗaya shi ne mai labari, shi ke faɗin abin da ke faruwa a hanya, shi ne kuma bakin duk wanda aka gamu da shi. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda daga ayarin fatake na zamanin da, ya zama shi. Babu kuɗi a ciki, babu wanda ke cinye wani." Na ƙara layin ƙarshen ne saboda masu ganin ɗan lido su ce caca ce.

Takardar ɗan ayari ma ta sake kama. Kin huta da zana layi da rula a littafin 'yan makaranta. Yanzu shafi ɗaya ne: suna, gari, sana'a, ɗan fili na zana fuska, sai gwaninta guda shida, wato Ƙarfi, Dabara, Sanin Daji, Kiwo, Ciniki da Lafazi. Kowace tana da zobe biyar a gabanta, mutum ya cike da fensir gwargwadon iyawarsa. Na cire Sa'a gaba ɗaya, domin na ji labarin yadda Zubaida ta tara duk zobbanta a can tana tsallake kowane bala'i tana dariya. Kuma gwaninta ba ta ƙaruwa yanzu sai mutum ya gwada ya faɗi. Wanda bai taɓa ɓata a daji ba, ina zai san daji?

Amma abin da nake taƙama da shi Lafazi ne. A da, in ɗan ayari zai roƙi sarki ko ya lallashi ɗan fashi, ɗan lido yake jefawa, a haɗa da zobbansa, shi ke nan. Abin ya daɗe yana damuna. Yaya za a yi ƙashi mai ɗigo-ɗigo ya yi wa mutum magana? Yanzu babu jifa. Za ki ga gwangwanayen madara guda biyar a ƙunshin, kowane da huji a gindi. Ki cika kwano da ruwa, ki ɗora gwangwani a kai, ɗan wasa ya yi maganarsa da bakinsa kafin ya nutse. Mai zobe ɗaya ya sami mai babban huji, mai biyar ya sami mai ƙaramin huji. In ya gamsar da mai labari kafin nutsewa, ya ci. Mun gwada da samarin wajen aikinmu, har masu gadi suka taru suna ihu.

Gaskiyar magana, da Kawu a raina na yi wannan ƙa'ida. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana dillancin masara a Doguwa, wanda in ya buɗe baki mai saye da mai sayarwa duk su tafi suna gode masa, a ce ɗan lido ke magana a madadinsa? Ɗan ayarin da yake ɗauka, Madugu Badamasi, zobe biyar gare shi a Lafazi. Ki ba shi gwangwanin ki koma gefe ki sha kallo.

Ki gwada ki rubuto min. A takarda nake so, don in an kira wayarku rabin magana ake ji, rabi duwatsun Doguwa su cinye.

Naki, wanda bai taɓa yarda shi bawa ba ne,
Mujitaba


Doguwa, ranar Asabar

Zuwa ga bawana Mujitaba,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso, har da ƙamshin kifin da Ɗanjuma ya ɗora a kansa. Muna lafiya. Jikin Baba da sauƙi, alhamdulillahi. Ka gaida Gwaggo Turai, ka ce masara tana nan tafe. Ɗan mace dai bawan ɗan namiji ne ko ya yarda ko bai yarda ba, ba ni na kafa ba, haka na tarar.

Mun zauna jiya bayan la'asar a gindin mangwaron gidan Baba, kamar kowace Juma'a: ni mai labari, sai Baba, da Ghali, da Zubaida, da Baffa Dikko, aminin Baba da ke gangarowa daga ruga. Takardun sun yi kyau, wannan kam ba zan hana ka ba. Kowa ya kwashe mutuminsa daga tsohuwar zuwa sabuwa ba tare da rigima ba, sai Zubaida da ta yi zaman makokin Sa'arta, ta ce ka jira ta. Filin zana fuska ya yi kaɗan, rawanin Madugu Badamasi bai shiga ba. Baffa Dikko kuma ya ce in tambaye ka wane ne ya gaya maka mai kiwon shanu da mai korar jakai gwaninta ɗaya gare su. Ya yarda ya cike zobban, amma yana gunaguni da Fulatanci, ban fassara maka ba don zumunci.

Ƙa'idar faɗuwa kafin ƙaruwa ta burge ni. Ghali da ba ya taɓa yarda ya gwada abin da bai iya ba, jiya da kansa ya ce zai nemo wa ayari hanya a daji. Ya kai su cikin fadama, jakai suka lume, ya sami zobensa yana ta murna.

Hausar shafin farko ba laifi, sai dai ka rage yawan "shi ne".

Maganar gwangwani kuwa, mun gwada. Baba ya karɓi nasa ya daɗe yana juya shi a hannu. Bai nemi ɗan lido ba ko sau ɗaya. Da aka tashi ya ce in gaya maka wasan yanzu ya zama na masu baki. Ina jin zai riƙa bar wa yara fili.

Mujitaba, babu gwangwanin da ya fi wannan girma ne? Ko mu koma jifa a Lafazi kawai, sauran mu bi sabon tsari? Ka duba min wannan.

Uwargijiyarka,
Raihana


Tiga, ranar Laraba

Malama Raihana,

Sallama da gaisuwa. Na gode Allah da jin jikin Kawu yana ta sauƙi. Inna ta ce ta ji, tana jira.

Ai na faɗa miki! Da na karanta cewa Kawu bai ko nemi ɗan lido ba, sai da na tashi na zagaya ɗaki. "Wasan masu baki", wannan kalma tasa a bayan littafin zan buga ta, da sunansa a ƙasa. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Na san za a yi haka, mutum irin Kawu in ka sakar masa harshe ai sai dai a roƙe shi ya bar wa yara fili.

Babban gwangwani kuma, a'a. Na gane, ƙaramin ba ya isarsa, yana da zance cike da buhu. Amma daɗin abin ke nan, a matse gwani ya zuba hikimarsa a taƙaice. Ko Kawu ma dole a taka masa burki, in ba haka ba ku kai magariba yana ciniki da sarkin gari ɗaya. Komawa jifa kuwa, ki cire shi a ranki. Wanda ya hau mota ba ya komawa kan jaki.

Na faɗaɗa filin fuska don rawanin madugu. Ki gaya wa Baffa Dikko na ji, amma in na raba Kiwo biyu, masunta Tiga za su ce a raba musu mai koma da mai ƙugiya, takarda ta zama tabarma.

Ƙarshen wata zan kai wa mai ɗab'i a Kano. Makarantu biyu a Kiru sun ce suna so, da wata ƙungiyar matasa a Badafi. In akwai sauran gyara ki hanzarta, ko da yake ni ban ga inda ya rage ba.

Mujitaba


Doguwa, ranar Litinin

Mujitaba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Jikin Baba kuwa, yau ba zan rubuta maka abin da na saba rubutawa ba.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, raina ya ɓaci har Ghali ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Kai wane irin Bahaushe ne? Tun yaushe "da sauƙi" ta zama "ya warke"? Ko mutum na kan gargara, in ka tambayi 'yarsa ai da sauƙi za ta ce maka. Ka zo dubiya asibiti lokacin da hawan jinin ya buge shi, ka same shi kwance bai san wanda ke kansa ba, ka koma, tun daga nan kake ta gina gida a kan kalma biyu.

To ga yadda sauƙin yake. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun dama bai dawo ba. Baki kuwa, kalmomin suna nan a kansa tsaf, amma kowace sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Duk ranar da ka kira aka ce maka yana barci, a gefena yake zaune yana girgiza min kai. Shi ya hana a faɗa, ba ya son labari ya kai wa Gwaggo Turai cewa dillali ya rasa baki. Yau na karya maganarsa, Allah ya yafe min.

Ka san abin da tsohon wasanka ya yi masa? A gida in ya fara magana, kafin ya kai tsakiya wani ya ƙarasa masa don tausayi. A asibiti ni likita ke tambaya yana zaune. A masallaci a yi masa sannu a wuce. Har ya daina gwadawa. Amma a gindin mangwaro yakan jefa ɗan lido da hagu, in ya ci sai ya gyara zama ya ce abin da madugu ya ce, kalma uku ko huɗu, kowa ya yi shiru don labari ba ya tafiya sai ya gama. Daga uku ya kai ga jimla. Sati guda yake yi yana tanadin abin da zai faɗa ranar Juma'a, ina jin sa a ɗaki yana maimaitawa.

Ranar da muka gwada gwangwaninka, ayari ya iso bakin kogi, ruwa ya kawo, 'yan fashi na biye da su. Sarkin Fito ya ce ba zai sa jirginsa a wannan ruwa ba. Ni ce Sarkin Fito. Na ɗora gwangwani mai ƙaramin huji, wanda ka ce na gwanaye ne. Baba ya kalle ni ya ce, "Sa… salamu… alaikum." Na amsa. Ya ce, "Ina… wuni." Na amsa. Ya tambayi gajiya. Yana cikin neman kalmar "iyali" gwangwani ya cika ya tafi ƙasa.

Zubaida ta raɗa masa, "Baba, ka tsallake gaisuwar, ka faɗi buƙata kawai."

Kallon da ya yi mata, ba ta ƙara tofawa ba. Samarinka na Tiga su ne za su tsaya gaban babban mutum su ce "ba mu jirgi" ba ko sallama. Baba ko a wasa ba zai yi ba. Aka sake ɗorawa, ya sake farawa daga sallama, ya sake nutsewa. Na ce to mu koma jifa, ya ce a'a, yaro ya aiko da ƙa'ida, a bi. Juma'ar da ta biyo ya ninke takardar Madugu Badamasi ya miƙa wa Zubaida, ya shige ɗaki. Yanzu da kai da hannu yake mana magana. Maimaitawar da nake ji a ɗaki ma ta ɗauke.

Ayari na nan a bakin kogi har yau. Baffa Dikko ya ce shi ba ya haye ruwa babu madugu, kuma babu wanda ya musa masa.

Na so ka gane ba sai na fasa ƙwai ba, shi ya sa na tambaye ka babban gwangwani. Kai kuma ka ce a taka masa burki. Kada ka kuskura ka buga maganarsa a bayan littafi. Tsoro nake ji, Mujitaba. In ya saba da shirun nan, ban san abin da zai sake fito da shi ba.

Raihana


Tiga, ranar Alhamis

Raihana,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Kawu? Wannan karon ina tambaya ne don a gaya min.

Kada ki ɗauka shirun da na yi fushi ne ko girman kai. Motar Ɗanjuma ce ta lalace a Burumburum, wasiƙarki ta yi ta kwana a aljihun mota har aka samo kayan gyara. Kafin ta iso hannuna na riga na kai wa mai ɗab'i. Ina gama karantawa na nemi izini a wajen aiki na hau motar Kano. Na tarar ya buga bango, da maganar Kawu a baya da manyan baƙaƙe. Na ce ya ajiye su, kada ya taɓa cikin littafin sai na dawo. Kunyar da na ji a shagon nan ban taɓa jin irinta ba. Ban gaya wa Inna komai ba, wannan na Kawu ne.

Amma ba zama na yi ina kuka ba, kin san ni. Abin da ƙa'ida ta ɓata, ƙa'ida ce za ta gyara, kuma na samo ta, daga cikin al'adarmu ma ba daga waje ba. Ki duba: babban mutum yana zuwa neman aure da bakinsa? Yana zuwa biko da kansa? Wakili yake turawa, kuma hakan ƙarin girma ne a gare shi. Don haka ga sabon layi a ƙarƙashin Lafazi: "Duk ɗan ayari mai zobe huɗu ko biyar yana da ikon naɗa wakili daga cikin 'yan wasa. Wakili zai yi magana da gwangwanin ubangidansa, nasara kuma ta ubangida ce." Na ƙara ɗan gurbi a takarda inda za a rubuta sunan wakilin, ga sababbi nan guda biyar.

Kin gani? Babu wanda zai ce don Kawu aka yi, tunda gata ne na manya. Shi ya zauna da rawaninsa, ya ɗaga wa Ghali hannu, Ghali ya zuba zance, ayari ya haye. Gwangwani ya tsira, madugu ya tsira. Na gwada da mutanena a nan, ta tafi sumul.

Ki lallashe shi ya fito Juma'ar nan. Ina da yaƙinin wannan karon na dace. Ki ba shi haƙuri a madadina, in kin ga fuska.

Naki,
Mujitaba


Doguwa, ranar Asabar

Zuwa ga bawana Mujitaba,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Jikin Baba: ƙafa tana ƙara ƙarfi, hannu yana nan yadda yake, baki yana da nauyi, ci kuma alhamdulillahi. Ga amsar tambayarka, tunda ka koyi tambaya.

Zuwanka Kano ya wanke ka a wurina. Amma ƙa'idarka ta wakili, ɗan'uwana, gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago. Ni ma ban gani ba sai da muka zauna, don haka ba zan cika maka baki ba.

Baffa Dikko ne ya fito da shi. Ya shiga ɗaki ya zauna, ya ce jakai sun rame a bakin kogi, shi kuma ba zai koma ruga ba sai an san matsayinsu. Baba ya fito yana dogara sanda, Zubaida ta buɗe masa takardarsa ta shafe ninkin da tafin hannu. Na karanta sabon layinka da ƙarfi. Na rubuta sunan Ghali a gurbin, na ɗora gwangwani.

Ghali ya yi ƙoƙari, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Sallama a guje, ya yabi jirgi, ya kawo maganar 'yan fashi, ya yi alkawarin gishiri da kanwa, ya gama gwangwani bai kai rabi ba. Na buɗe baki zan ce Sarkin Fito ya yarda, sai Baba ya miƙa sandarsa ya gitta ta a tsakiyar tabarma.

Ya ce, "Ban… aike shi… ba."

Sai a lokacin na gani. Abin da muke yi masa a gida da asibiti tun da ya kwanta, shi muka kawo masa gindin mangwaro, har da gurbi a takarda. Wakili girma ne ga wanda in ya so zai iya faɗa da kansa. Shi kuwa Baba wakilai sun yi masa yawa.

Na tuna ni ce mai labari, kogin nawa ne, jirgin ma nawa ne. Na tsamo gwangwanin na kife shi a ƙasa. Na ce Sarkin Fito ya kafe sandar tuƙinsa, ya shimfiɗa buzu ya zauna, ya ce, "Yaro, koma. Ni da madugu zan yi magana, kuma yau ba ni da inda za ni."

Baba ya gyara hularsa da hagu. Ya yi sallama. Ya tambayi wuni, ya tambayi gajiya. Ya iso kan "iyali" ta maƙale. Na ga bakin Zubaida ya motsa, Baffa Dikko ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Muka zauna. Akuya ta zo ta shanye ruwan kwanon babu wanda ya kore ta. Can kalmar ta fito, na amsa masa lafiya lau. Ya tambayi ruwa, ya tambayi kamun kifi, ya yi wa Sarkin Fito jajen damina. Kowace na amsa ta yadda ake amsa wa babba.

Ina jira ya roƙi jirgi, sai ya ce, "Ruwa… naka ne. Ba mu… zo… gardama ba. Mun sauka… a wurinka."

Na ce, "Madugu, sannunku da zuwa."

Ya ce, "To… mun zama… baƙinka." Ya huta, ya share baki da gefen riga. Sannan ya ɗago ya dube ni, idonsa na ƙyalli irin na da. "Baƙo… a kan raka shi. Ba a… barinsa… a bakin ruwa."

Ka ga dillali? Tun daga sallama yake ɗaure ni ban sani ba. Na amsa gaisuwarsa, na yi masa maraba da bakina, to da wane ido zan bar baƙona ga 'yan fashi? Babu gishiri babu kanwa, Sarkin Fito ya tashi ya kwance jirgi. Baffa Dikko ya yi kabbara kamar an haye da gaske, Ghali yana ta tafi, ni kuwa na kasa faɗin yadda suka isa tsallake sai da na juya baya na goge fuska.

Ga abin da za ka kai wa mai ɗab'i, kuma ba shawara nake ba ka ba. Gwangwani ya zauna ga masu son sa, na san samari za su ji daɗinsa, Zubaida ma ta ce ita a bar mata nata. Wakili ma ya zauna, amma sai wanda mai takarda ya naɗa da kansa. A saman su duka ka rubuta: "Ɗan wasa shi ke zaɓar ko a sa masa gwangwani ko kada a sa. Wanda ya fara magana, a jira shi ya kai aya, kada a ƙarasa masa." Ka sa a jikin takardar ɗan ayari, inda kowa zai gani, ba a can cikin littafi ba. Bangon kuma ka sake shi.

Da aka watse na gaya wa Baba cewa na fasa maka ƙwai, na kuma isar da haƙurinka. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya nuna min biro, ya ce in rubuta. Ga saƙonsa, yadda ya faɗa:

"Mujitaba. Bakina bai warware ba. Wataƙila ba zai warware ba. Ka gaya wa Turai, ta zo ta ɗauki masararta da kanta. Kai ma ka zo ranar Juma'a. Akwai gari a gaban kogi, kai ne sarkinsa. Zan gaishe ka."

Tun muna cikin inuwar mangwaro ya fara faɗar wannan, bai gama ba sai da ladan ya kira magariba. Ban ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba.

Uwargijiyarka,
Raihana